Sharar da Malami Ya Yi a Alƙalawa

Shekara talatin da ɗaya Malami ya yi yana zagayawa da baƙi a kufan Alƙalawa, kuma babu wanda ya taɓa ɗaukarsa aikin. Ba shi da takarda, ba shi da kaki, ofishinsa kuwa gindin wata tsamiya ce. Manomin gero ne kamar kowa a ƙauyen, gajere, siriri, da tsagen Gobirawa tun daga gefen baki har kusa da kunne. Abin da ya raba shi da sauran shi ne kawunsa, wani tsoho mai shegen surutu, wanda ya riƙa jansa cikin kufan tun yana ƙarami yana nuna masa da sanda: nan ƙofar birni take, nan kasuwa, nan marina, can kuma sarakuna suke kwance. 'Yan'uwansa suka gaji suka tsere, shi ya tsaya ya haddace. Da kawun ya rasu, duk wanda ya sauko daga mota ya tambayi inda tsohon birnin Gobir yake, sai a ce a kira Malami.

Wanda bai san wurin ba zai iya ratsa shi da rana tsaka bai san birni ya taka ba. Tudun ƙasa ne da ciyawa da tsingaro, sai ragowar ganuwa da ruwan sama ya fi shekara ɗari biyu yana gatsa. Amma in Malami ya ɗaga sandarsa ya fara bayani, sai ka ji kana neman kaucewa kada mai kaya ya ture ka a ƙofar kasuwa. Malaman jami'a sun zo, ɗalibai sun zo, Turawa sun zo rana ta gasa musu wuya, Gobirawan Tsibiri sun tsallako iyaka sun yi wa kakanninsu addu'a sun koma suna share hawaye. Duk ta hannunsa suka bi.

Yana da tsarin aikinsa, kuma ko sama da ƙasa za su haɗu ba ya sauya shi. Kwana biyu kafin baƙi su zo sai ya ɗauki lauje da fartanya da tsintsiyar kaba ya shiga kufai tun da sanyin safiya. Ya yanke ciyawa ya fitar da hanya daga tsamiya zuwa ganuwa, ya kwashe ƙaya, ya bubbuga ramuka, ya share makwancin sarakuna tas, sannan ya cika randa da ruwa ya rufe da faifai. Kwana biyu cif, ba ɗaya ba, ba uku ba. In ka tambaye shi dalili sai ya ce kwana biyu ne maciji yake ɗauka kafin ya haƙura ya bar wurin da aka dame shi, in kuma aka kai uku iska ta mayar da shara. Alfaharinsa ɗaya a duniya shi ne babu baƙon da ya taɓa shiga hannunsa ya fita da ko kwarzane. Baƙo amana ne, haka yake cewa, kuma da gaske yake.

Kusa da tafkin da ke bayan kufan akwai rugar wani makiyayi, Usmanu, shi da matarsa Inno. Duk ranar da baƙi za su zo, Inno za ta dama fura da nonon safe, Usmanu ya ɗauko ƙwarya ya kawo gindin tsamiya. Shi da Malami ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

“Kakanninka sunka rushe birnin ga, Manu,” in ji Malami a gaban baƙi, “ga shi yau kai aka sha ma hura bisa kufainai.”

“Shi as sa nike zamne nan ina gadi,” in ji Usmanu, “kada ku tashi cikin dare ku sake ginawa.”

Baƙi su yi dariya, su ɗauki hoton su biyun. Haka aka yi ta yi har gemunsu ya yi fari tare.

Sai daji ya lalace. Ba sai an tsaya ba da labari ba, duk wanda ke tsakanin Isa da Sabon Birni yana da nasa, kuma na kowa ya ishe shi. Mutanen daji suka mallaki hanyoyi, kasuwar Bafarawa ta riƙa watsewa tun kafin azahar, babur uku in sun jero sai mata su bar tukunya a kan wuta. Malami ya jure shekara biyu, a ta uku 'yarsa Rahmatu, wadda ke aure a Sabon Birni, ta zo da kanta ta ɗaure masa kaya. Aka ba shi ɗaki a bayan gidan mijinta. Ya koma zama a bakin tasha yana tufkar igiya, mutumin da malaman jami'a ke rubuta maganarsa a littafi. Usmanu bai tashi ba, don ba shi da inda za shi. A gari ana kallonsa na daji, a daji ana kallonsa na gari, garken nan nasa kuwa ya zube har ya koma 'yan shanu da ba su cika goma ba.

Shekara huɗu babu baƙo ko ɗaya. Malami bai yi ƙorafi ba, amma Rahmatu takan ji shi a ɗaki yana lissafo ƙofofin birni shi kaɗai, kada su kuɓuce masa. Abin yana cin ransa ƙwarai. Ya san in ya mutu da abin da ke kansa, Alƙalawa ta sake rushewa ke nan.

Ranar wata Litinin, ƙarshen damina, gero ya fi mutum tsawo, wayar Rahmatu ta yi ƙara. Layin Nijar ne a ciki, don shi ne ke ɗan kamawa a unguwarsu in an tsaya kusa da katanga. Mai kiran Dakta Abdulrauf ne, malamin tarihi a wata jami'a can kudu, Bayaraben Ilori, wanda ya taɓa kawo ɗalibai sau biyar a shekarun zaman lafiya.

To, tsakanin Gobirawa da Yarbawa akwai wasa tun na kaka da kakanni. Kowanne yana kiran ɗan'uwansa bawansa, kowanne yana da izinin yaɓa wa ɗayan magana son ransa, ba a fushi, kuma ba a ja da baya. Wanda ya fara yin laushi shi aka ci, za a yi shekaru ana yi masa dariya.

“Bagobiri! Bawana!” in ji Dakta, da aka miƙa wa Malami wayar. “Kana da rai ashe? Na zaci tsagen nan ya ƙarasa raba maka fuska biyu.”

Malami ya ji wani daɗi ya taso masa tun daga ciki, irin wanda ya manta da shi. “Bayarabe, wa ab ba ka izinin kiran ubangidanka da rana tsaka? Manja ya ƙare maka, ko barkono?”

Suka yi ta yi har suka gaji. Sannan Dakta ya faɗi abin da ya kira dominsa. Yana da ɗalibai goma sha shida, ga shi ga direba, za su kwana Sakkwato ranar Juma'a, yana so su isa Alƙalawa Asabar da safe. Ya ji an ce an yi sulhu a yankin, amma ba ya yarda da maganar kowa sai ta Malami.

Malami ya buɗe baki, kuma Allah ya sani abin da ya yi niyyar faɗi shi ne kada su zo. Maganar tana kan harshensa. Sai Dakta ya riga shi.

“Ko da yake an ce mini Gobirawa yanzu in kaza ta yi tari sai su shige ƙarƙashin gado. In tsoro kake ji, bawana, ka faɗa mini kawai, in kai yarana su ga garin maza.”

Da Bahaushen Kano ne ya faɗi haka, ko Bature, da Malami ya ce masa e, tsoro nake ji, kai ma ka ji. Amma Bayarabe ne. Bakinsa ya amsa kafin hankalinsa ya iso.

“Yaushe kat taɓa jin Bagobiri ya ce ma Bayarabe shina jin tsoro? Ku taho. Hanya lahiya lau.”

Daga nan sai aikin ya kwashe shi. Ya shiga jero wa Dakta sharuɗɗa kamar jiya ya bari. Kowa ya sa takalmi rufaffe, ba silifa ba. Kowa ya zo da malfa da gorar ruwa. Kada wanda ya shafa turare, akwai zuma a kogon kuka. 'Yan mata su bar dogon gyale mai jan ƙasa, ƙarangiya ta nuna. Su sha maganin zazzaɓi tun yanzu, sauron fadama ba ya sanin ɗan jami'a. Su baro Sakkwato da an sallame asuba, don a gama zagaye kafin rana ta take. Sannan ya rage murya ya ƙara wanda bai taɓa ba kowa ba a da: kada a gaya wa kowa ranar, kada a sa a waya, ko direban kada ya san inda za shi sai an hau hanya.

Rahmatu tana tsaye tana jin komai. Da ya miƙa mata wayar ba ta karɓa ba.

“Baba, hanyar da mai babur ba ya bi bayan la'asar, ita kac ce lahiya lau?”

“An yi sulhu, Rahmatu. Mutane na zuwa gona.”

“Sulhun manoma na, Baba, don su noma musu abin da za su ci. Wa ac ce maka ya kai ga masu mota?”

Ya ce ba wanda zai sani. Za su shigo da safe, awa uku su fita, kafin labari ya kai daji sun wuce Goronyo. Ya faɗa mata haka, ya faɗa wa kansa haka, har ya kusa yarda. Gaskiyar magana ita ce yana so su zo. Yana so ya sake ɗaga sandar nan ko sau ɗaya, mutum goma sha shida su yi shiru suna saurarensa. Ya yi ta juya maganar kiran Dakta ya janye, Talata ta wuce, Laraba ta wuce, bai kira ba.

Ranar Alhamis da sassafe ya ɗaure lauje da fartanya da tsintsiya a bayan tsohon kekensa ya kama hanya. Bai tsaya ya yi shawara da kowa ba, don a wurinsa wannan ba abin shawara ba ne. Baƙi za su zo Asabar, yau Alhamis, ranar shara ke nan. Mutumin da ya hana a gaya wa direba, ko sau ɗaya bai kawo a ransa cewa tsintsiya ma tana ba da labari ba.

Ya tarar da kufan ya koma daji. Ciyawa har ƙirji, geza ta rufe ƙofar birni, makwancin sarakuna ya cika da kashin awaki. Ya tsaya ya yi musu sallama, ƙwalla ta cika masa ido, ya ji kunya kamar wanda ya bar iyayensa cikin ƙazanta. Ya tuɓe riga ya sunkuya. Bayansa ya yi ta ƙara, tafin hannunsa da ya saba da igiya ya fashe, bai kula ba. Kafin azahar hanya ta fito fes daga tsamiya har ganuwa. Randar tana nan inda ya bar ta, bakinta kawai ya ɗan ɓalle. Ya wanke ta, ya yi sawu huɗu zuwa tafki ya cika ta, ya rufe. Rabon da ya ji daɗi irin na ranar tun kafin ya bar ƙauye.

Usmanu yana wurin kiwo. Inno ce ta leƙo daga ruga, ta kawo masa ruwa a ƙwarya, ta durƙusa suka gaisa. Ta rame sosai. Ta dubi hanyar, ta dubi randar.

“Malam, ka yi shara,” ta ce.

“Na yi, Inno. Jibi a dama hura, kamar dauri.”

Ta juya ta dubi gabas, wajen da dajin ya yi duhu, ta ɗauki ƙwaryarta ta koma. Shi ya ɗauka kunya ce irin tasu.

Washegari bayan an sauko Juma'a, Malami yana neman takalmansa a ƙofar masallacin Sabon Birni, aka kama masa hannu. Usmanu ne, ya ja rawani ya rufe rabin fuska. Shekara biyu ke nan bai taka Sabon Birni ba. Ya ja shi bayan wani shago inda babu mutane, ko gaisuwa bai tsaya sun gama ba.

“Malami, wa ab ba ka shawarar shara?”

“Shawara kuma? Baƙi gare ni gobe.”

“Na sani. Su ma sun sani.” Usmanu ya waiwaya, ya dawo da murya ƙasa. “Jiya da marece sun biyo ta kufai, su shidda bisa babur ukku. Sun ga hanya, sun buɗe randa sun sha. Babban nasu yat tambaye ni wa ka zuwa, nic ce ban sani ba. Sai yay yi dariya. Yac ce tun shina ƙarami shina kiwo nan, ya sha ruwan randar ga ya hi sau ɗari. Yac ce kowa ya san tsohon nan ba shi shara sai masu mota na tahe, kuma kwana biyu tsakani. Gobe tun hantsi za su kwanta cikin gero, bakin ganuwa.”

Malami ya nemi bango ya jingina. Ya dubi tafin hannunsa da ya fashe. Shekara talatin da ɗaya yana koya wa duk mai ido a yankin nan yadda ake gane ranar zuwan baƙinsa, kuma jiya ya rubuta musu ita a ƙasa da hannunsa. Bai taɓa jin ya tsani kansa kamar a lokacin ba.

“Sun bar ka ka taho gari?” ya tambaya.

“Sun ce in nib bar ruga za su sani.”

“To don mi kaz zo, Manu?”

“Juma'a niz zo,” in ji Usmanu, har da ɗan murmushi. Sannan murmushin ya tafi. “Baƙinka sun sha nonon shanuna shekara talatin. Ba ni zama ina kallo a kora su daji awa tumaki, gaban ƙofata.”

Malami ya riƙe masa riga. Ya ce ya kwana a gari, akwai wuri a ɗakinsa, gobe a san yadda za a fito da Inno. Usmanu ya cire hannunsa a hankali.

“Inno na can, shanu na can. In ban kwana ruga ba, na hwaɗa musu da bakina ke nan. Kai dai tsai da baƙinka. Za ni koma.”

Ya gyara rawani ya bi ta bayan kasuwa, bai waiwayo ba.

Malami ya yi sauran yinin a jikin katanga da wayar Rahmatu a ɗage sama. Layi ya ƙi. In ya kama sai a ce wayar Dakta a kashe take, in ta shiga sai ta yanke kafin a ɗauka. Mijin Rahmatu ya ce a gaya wa masu bindigar gari su je su tare su. Malami ya hana. Ya san in aka shiga dajin nan da wuta, rugar da ke bakin tafki ce za ta fara ci, kuma ba wanda zai tsaya tambayar wane Bafillace ne wannan. Abu ɗaya ya rage, ya tare motar da kansa.

Asabar tun rana ba ta fito ba yana tsaye a mashigar gari, inda hanyar Sakkwato ta shigo. Duk motar da ta ɓullo sai gabansa ya faɗi. Wajen ƙarfe tara ya hango farar bas, ya shiga tsakiyar titi ya ɗaga sandarsa da hannu biyu. Direba ya taka birki yana zagi.

Dakta Abdulrauf ya sauko, ƙato, da malfa da takalmi rufaffe, yana dariya tun daga nesa. Bayansa ɗalibai suka leƙo ta taga, kowa da gorar ruwa, kowa da littafi. Duk abin da Malami ya ce a yi sun yi. Wannan ya fi komai yi masa ciwo.

“Bawana ya fito taryen ubangidansa!” in ji Dakta. “Haka nake so. Shiga mu tafi, Bagobiri, kada rana ta yi.”

“Dakta, ku juya.”

“Ka ji shi! Tun ba a je ko'ina ba ƙafa ta fara rawa. Yara, ku zo ku ga jarumin Gobir!”

Ɗalibai suka yi dariya. Masu babur da ke gefen hanya suka matso, su ma suna jiran su ji da me tsohon zai rama. Amsa tana bakinsa, guda uku ma, kowacce ta isa ta kwantar da Bayarabe. Ya haɗiye su.

“Tsoro nike ji, Dakta,” ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji. “Ƙarya niy yi maka ran Littinin. Hanya ba lahiya. Ana jiranku bakin ganuwa, kuma ni nij jawo. Ka ci ni, ka gaya ma Yarbawa duka. Amma ka juya da ɗiyan mutane yanzu, kada ku tsaya ko shan ruwa.”

Dariyar ta mutu. Dakta ya cire malfa ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Malami yana jira ya ji kalmar wasa ko ɗaya, da ta fi masa sauƙi. Ba ta zo ba.

“Na gode, Baba,” in ji Dakta. Tun da suke bai taɓa kiransa haka ba.

Wata ɗaliba ta leƙo ta ce ita Bagobira ce, a Legas aka haife ta, kakarta ta ce ta ɗebo mata ƙasar Alƙalawa ko cikin hannu ɗaya. Malami ya kasa dubanta. Direba ya juya motar a gaggauce har tana neman faɗawa kwalbati, suka kama hanyar da suka fito. Ya tsaya yana kallo har ta ɓace. Mutum goma sha takwas, babu wanda ya yi ko kwarzane.

Ya koma gida zai ɗauki keke ya tafi ruga, ya tarar Rahmatu ta kulle keken a ɗakinta ta zauna a bakin ƙofa. Ya yi faɗa, ya yi roƙo, ta ce sai dai ya taka ta ya wuce. Sai ya tafi bakin hanyar Alƙalawa ya zauna a kan wani kututture yana tambayar duk wanda ya fito daga wajen. Babu wanda ya fito daga wajen sai mutum biyu, su ma suka ce ba su ga komai ba, irin faɗin da mutum ke yi yana sauri. Ya yi azahar a nan, ya yi la'asar a nan, sai da aka kira magariba mijin Rahmatu ya zo ya tashe shi.

Lahadi da hantsi Inno ta shigo gidan. A ƙafa ta zo, ba ƙwarya, ba ƙunshi, zanenta duk ƙarangiya. Rahmatu ta shimfiɗa mata tabarma ta kawo ruwa. Ta sha kaɗan, ta ajiye, ta gaishe da Malami gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gida, ta tambayi gajiya. Idonta a bushe yake.

“Sun jira cikin gero har azahar,” ta ce. “Da la'asar sunka zo ruga. Wani ya gane shi masallaci ran Juma'a, ya kai musu. Sun kora shanu.” Ta gyara zama. “Shi ba su tahi da shi ba. Mutanen ƙauye sun yi mashi sutura yau da sahe.”

Rahmatu ta sa kuka. Malami ya yi salati, ya sake yi, ya buɗe baki zai ce shi ne, shi ya jawo, sai Inno ta ɗaga hannu kaɗan ta tsayar da shi. Ba wannan ya kawo ta ba.

“Malam, baƙin naka sun isa gida?”

“Sun isa, Inno.”

“Dukansu?”

“Dukansu.”

“Su nawa na?”

“Goma sha takwas.”

Ta jinjina kai, kamar mai auna ko abin ya kai. Sannan ta ce, “To ka hwaɗa musu sunanshi. Ni tun da anka kai ni ɗakinshi bakina bai taɓa kama sunan ga ba, kuma ba yau za ni hwarawa ba. Amma ba ni son mutum goma sha takwas su yi ta yawo cikin duniya, su yi aure, su haihu, ba su san wa at tsaya musu ba.”

Malami ya tashi da ƙyar ya karɓi wayar ya je jikin katanga. Yau kam bugu ɗaya ta shiga. Dakta ya ɗauka yana tambayar ko lafiya, Malami ya ce ya tara ɗalibansa duka, har direban, ya buɗe wayar yadda kowa zai ji, kowa kuma ya ɗauki abin rubutu. Aka ɗan jima ana jan kujeru a can, sannan aka ce masa sun taru.

Inno tana zaune a kan tabarma, ta juya fuska ga bango, tana saurare.

“Usmanu,” ya ce. “Usmanu ɗan Jabir, makiyayi. Ku maimaita in ji.”

Suka maimaita. Wasu suka karkace shi da harshensu na kudu, ya ce a sake. Bai kashe wayar ba sai da kowannensu ya faɗe shi daidai, ɗaya bayan ɗaya, su goma sha takwas.